Jirgin Shata a Dajin Eveleth

Daga Minneapolis zuwa Eveleth tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna a mota, in ba a tsaya shan shayi ba. Ana bin babbar hanya mai lamba 35 a yi arewa, kafin a kai Duluth a ratse ta Cloquet, a hau hanya ta 53, a miƙe cikin daji. Jirgin sama kuwa minti arba'in da biyar ya ishe shi. Wannan ratar ta awa biyu da ɗoriya ita ce hajar da mai ɗaukar shatar ƙaramin jirgi yake saya, ita kuma Sanata Paul Wellstone ya saya ranar Juma'a, 25 ga Oktoba, 2002. Jirgin ya tashi daga St. Paul, maƙwabcin Minneapolis, da ƙarfe 9:37 na safe da mutum takwas a ciki. Wajen 10:22 ya faɗi cikin fadama, kimanin kilomita uku daga titin da zai sauka. Babu wanda ya fita.

Aiki ne ya kai ni jihar Minnesota a ƙarshen kaka. Mai masaukina mutumin Damagaram ne, direban babbar mota, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma yana Minneapolis tun kafin hatsarin. Wata rana muna cikin gari na ga koriyar takarda manne a bayan wata tsohuwar mota, ta kwarzane, da sunan Wellstone a jiki. Na tambaya, ai kuwa sai na taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Kafin mu isa gida ya gama yanke hukunci biyu: zai kai ni wurin da abin ya faru, kuma in sani tun yanzu cewa kashe mutumin aka yi.

Yankin da muka dosa ana ce masa Iron Range, ƙasar tama. A 1890 aka gano tamar a tsaunin Mesabi, tun daga nan ake haƙa ba a daina ba. Jajayen tuddan da ke gefen hanya masu shafaffen kai ba na asali ba ne, ƙasar da aka kwashe ce daga ramuka aka jibge shekara da shekaru har itatuwa suka tsiro a kai. Ramukan da aka gama da su kuma sun cika da ruwa sun zama tafkuna. Jirgin ƙasa ke jan tamar zuwa Duluth da Two Harbors a bakin Tafkin Superior, jiragen ruwa su wuce da ita masana'antu. Mafi yawan ƙarfen da Amurka ta yi yaƙin duniya na biyu da shi daga nan ya fito. Kakannin mutanen wurin baƙi ne da haƙa ta kawo daga Finland da Slovenia da Croatia da Italiya, kuma ƙungiyar ƙwadago a jininsu take. Eveleth kanta ba ta kai mutum 4,000 ba. Abin alfaharinta wasan hoki na kan ƙanƙara, har sun kafa wata ƙatuwar sandar wasan mai tsawon ƙafa 110 a tsakiyar gari, don kada baƙo ya wuce bai sani ba.

Wellstone ba ɗan yankin ba ne. A Washington aka haife shi a 1944, ɗan wani Bayahude da ya yi ƙaura daga ƙasar Rasha ta wancan zamani. Gajere ne, ɗan kokawa a ƙuruciyarsa, ya shekara 21 yana koyar da kimiyyar siyasa a Kwalejin Carleton. A 1990 ya shiga wata tsohuwar bas koriya ya zaga jihar, ya kayar da sanata mai ci, Rudy Boschwitz, attajirin da ya ninka shi kuɗin kamfe kusan sau bakwai. Mahaƙan tama suka riƙe shi nasu. Da kamfanin LTV ya rufe ma'adininsa na Hoyt Lakes a farkon 2001, ma'aikata kusan 1,400 suka rasa abin yi, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kan fanshonsu da inshorar lafiyarsu.

Wannan zumuncin ne ya sa shi a jirgi. Saura kwana goma sha ɗaya zaɓe, shi da Norm Coleman na jam'iyyar Republican sun yi kankankan. A ranar akwai gangami a Minneapolis da Sanata Edward Kennedy ya zo taya shi, amma ya bar taron ya nufi garin Virginia, maƙwabcin Eveleth, don jana'izar wani tsohon ma'aikacin ƙarfe, mahaifin ɗan majalisar jiha Tom Rukavina. Da yamma kuma yana da muhawara a Duluth. A cikin jirgin akwai shi da matarsa Sheila, da 'yarsu Marcia, da hadimai uku, da matuƙa biyu. Mutumin Kaduna ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa ma daga jana'izar mahaifin wani hadimin shugaban ƙasa yake dawowa a Bayelsa, cikin Disamban 2012, lokacin da helikwaftansa ya faɗi. Ɗan siyasa ba ya iya ƙin zuwa gaisuwa, lokaci kuma ba ya isarsa, sai ya nemi ta sama.

Wurin tunawa da su yana kudu da Eveleth, ana barin hanya ta 53 a bi wata 'yar hanya mai suna Bodas zuwa gabas. Babu ƙofa, babu mai gadi. Fili ne kaɗan na ajiye mota, sai turba ta shiga daji da alluna masu ba da tarihin mutumin, sai wani da'ira da aka girke manyan duwatsun yankin, an sassaƙa sunayen iyalin da na hadiman. A kan dutsen Paul da Sheila na tarar da tsakuwa an jera, al'adar Yahudawa ce idan sun ziyarci mamaci. Daga nan wata gada ta katako ta ratsa cikin itatuwa, ta tsaya a inda za a iya fuskantar wurin da jirgin ya faɗi. Ba ta kai ka can ba, saura 'yan ɗaruruwan mita, kuma ba abin da ake gani sai kurmi.

Na sauko daga kan katakon na ɗora ƙafa ɗaya a ƙasa. Abin da na zaci ciyawa ce ashe gansakuka ce mai kauri, tana lotsawa, baƙin ruwa mai sanyi ya ɓulɓulo ya zagaye takalmina, da na ɗaga ƙafa sawun ya daɗe bai cike ba. Itatuwan sirara ne dogaye a cunkushe, akwai wata da suke kira tamarak, wadda ganyenta ke rikiɗa ruwan zinariya a Oktoba kafin ya zube. Taku ɗayan nan ya fahimtar da ni abin da ya sa masu ceto suka sha wuya. Da jirgin bai iso ba, wani ma'aikacin filin ne ya hau nasa ƙaramin jirgin ya zaga har ya hango hayaƙi. Motar kashe gobara ba ta shiga wannan ƙasa, sai da aka nemo motoci masu ƙafar sarƙa, wuta kuwa ta yi awanni tana ci.

Daga nan muka ƙarasa filin jirgin. Wanda ya saba da filin Malam Aminu Kano zai wuce shi bai lura ba: titi, 'yan rumfunan ajiye jirage, ƙaramin ofis, da wani jan ƙyalle mai nuna inda iska ta dosa. Babu hasumiya, babu mai kallon jirgi yana sauka. Masu lura da zirga-zirga suna Duluth, a rada suke ganinka, in sun ɗora ka a hanya sai su sallame ka, ka ƙarasa da kanka. Ko fitilun titin matuƙi ne ke kunna su daga sama, ta hanyar danna maɓallin rediyonsa. Irin waɗannan filaye dubbai ne a Amurka, su ne kasuwar jirgin shata, tunda manyan jirage ba sa zuwa.

Jirgin Beechcraft King Air A100 ne, mai farfela biyu, ƙirar da ta yi suna wajen juriya. Safiyar ba ta da kyau amma ba ta ɓaci ba: gajimare ya sauko ya rufe a kimanin ƙafa 700 daga ƙasa, dusar ƙanƙara tana zuba kaɗan-kaɗan, an kuma ba da labarin ƙanƙara na kama jirage a sama. Da sassafe kyaftin ɗin ya ji bayanin yanayi ya nuna ba ya jin zai tafi, daga baya ya sake tambaya, ya ga da sauƙi, ya ce a tafi. Aka ba su izinin sauka a titi mai lamba 27, wanda ke fuskantar yamma, da taimakon wata na'urar rediyo da ke filin mai suna VOR. Ita wannan na'ura hagu da dama kawai take nuna wa matuƙi. Ba ta gaya masa ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa da yawa. Shi zai riƙa sauka daki-daki yana duba tsayinsa, yana duba gudunsa, yana riƙe layi, yana kuma leƙen taga ko titi ya bayyana ƙarƙashin gajimare. Aikin yau da kullum ne, amma yana cin hankali, shi ya sa ake raba shi: ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya sa ido kan agogunan gaba yana faɗin abin da ya gani.

Abin da rada ta naɗa shi ne wannan. Sun iso layin sauka da gudu fiye da kima, sama da kilomita 300 a awa, har suka zarce layin. Aka rage wa injuna wuta, aka sauke ƙafafu, don a rage gudu a kuma sauko. Jirgin ya fara karkata kudu da layin. Gudu ya ci gaba da raguwa, kuma ba a mayar da wutar ba. Cikin abin da bai wuce minti biyu ba ya dawo kimanin kilomita 140 a awa.

A nan sai an ɗan yi bayani, don yawancinmu idan aka ce jirgi ya faɗi injin muke zargi. Ba inji ke riƙe jirgi a sama ba, iskar da ke bi ta kan fiffike ce, inji gudu kawai yake bayarwa. Idan gudu ya ragu, matuƙi yakan ɗaga hancin jirgin don kada ya yi ƙasa. In ya ci gaba da raguwa yana ci gaba da ɗagawa, akwai inda iskar za ta daina bin bayan fiffiken, nan take ya saki nauyin da yake ɗauke da shi. Mai keke ya san wannan: taka a hankali, a hankali, akwai inda keken zai kife ko da babu abin da ya lalace a jikinsa. Maganin abin sananne ne, kowane ɗalibin tuƙi yana koyonsa tun makonnin farko: danna hanci ƙasa, ƙara wuta. Sai dai maganin yana cin tsayi, su kuwa 'yan ɗaruruwan ƙafa ne tsakaninsu da kan itatuwa. Jirgin ya karkata hagu ya shiga dajin yana fuskantar kudu, injunansa biyu suna aiki, ƙafafunsa a sauke.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a Nuwamban 2003. Ta ce ba ƙanƙara ba ce, ba inji ba ne, kuma 'yar karkatar da aka samu a na'urar filin ba ta kai ta jawo haka ba. Matuƙan ne ba su riƙe gudun da ya kamata ba. Jirgin irin wanda doka ta yarda mutum ɗaya ya tuƙa ne, an sa biyu don ƙarin tsaro. Ido huɗu, agogon gudu yana gaban kowannensu, allurarsa tana sauka, ba wanda ya farga da wuri.

Inda rahoton ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ke bayan labule. Kyaftin ɗin, mai shekara 55, an tarar da rashin daidaito a littattafan da yake rubuta awannin tashinsa, ya kuma zuzuta ƙwarewar da ya ce ya samu a baya. Ya taɓa zaman gidan yari kan zamba a wata harka da ba ta shafi jirgi ba. Yana haɗa tuƙin da aikin jinya. Abokan aikinsa sun ba da labarin kurakuransa, har da wanda ya yi kwana uku kafin hatsarin, da Wellstone ɗin a ciki: suna tashi ya danna maɓallin da ba shi ba, jirgi ya sunkuya, mataimakin wannan ranar ne ya gyara. Duk da haka kwana biyu kafin hatsarin ya ci jarrabawar gwajin tuƙi. Mataimakin da ke gefensa ranar Juma'ar kuwa, mai shekara 30, awanninsa ba su wuce 700 da kaɗan ba. Kamfanin shatar bai koyar da matuƙansa yadda mutum biyu ke aiki tare a gaban jirgi kamar yadda ya rubuta zai yi ba, ƙa'idojinsa ba su isa kunnen matuƙan yadda ya kamata ba, hukumar FAA mai sa ido kuma ba ta gano giɓin ba. A takarda komai daidai yake. Sanatan da ke zartar da dokokin ƙasa ya hau jirgin nan da ilimin da kowane fasinja ke hawa da shi: ya ga fenti mai kyau, ya ga farar riga da igiyoyi a kafaɗa, ya ga fara'a. An ce ma mutum ne mai fargabar jirgi, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da wannan kyaftin ɗin.

A garin Virginia muka tsaya cin abinci, muka nemi kifi da dankali tunda ba mu san yankan naman garin ba. Nan mai masaukina ya baje hujjojinsa, kuma ba na wasa ba ne. Ranar 11 ga Oktoba, mako biyu kafin hatsarin, majalisar dattawa ta ba Shugaba George Bush izinin yaƙar Iraƙi da ƙuri'a 77, 23 suka ƙi. Wellstone yana cikin masu ƙin, alhali kujerarsa tana rawa, kamar yadda ya ƙi yaƙin Tekun Fasha a 1991. Rinjayen majalisar a kan kujera ɗaya yake lilo. Shekara biyu kafin nan, cikin Oktoban 2000, Gwamna Mel Carnahan na Missouri, ɗan jam'iyyarsu ta Democrat mai neman sanata, shi ma a ƙaramin jirgi ya mutu ana dab da zaɓe. Ga shi babu baƙin akwati, ga shi ba a ji matuƙan sun yi kiran neman agaji ba.

"Malam," ya ce, yana nuna ni da cokali, "ruwa ba ya tsami banza. Kai da ka yi boko, takarda suka ba ka ka karanta. Wa ya rubuta takardar?"

Na ce, "Yaya, ai ko takardar ba ta wanke gwamnati ba. Hukumarsu ta sa ido ta kama da sakaci."

Ya ce wannan ai shi ne wayon.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2004 wani farfesan falsafa na jami'ar da ke Duluth da abokinsa sun fitar da littafi sukutum suna cewa da wani makami mai kashe na'urorin lantarki aka harbo jirgin. Amma kowace hujja a cikinsu tana da amsa mai sauƙi, sauƙin ne ma yake sa a raina ta. Babu baƙin akwati saboda doka ba ta wajabta shi a irin wannan jirgi ba. Babu kiran agaji saboda wanda jirgi ya suɓuce masa a wannan tsayin daƙiƙoƙi gare shi, hannunsa da bakinsa ba na rediyo ba ne. Hukumar FBI ta shiga dajin ba ta sami alamar aika-aika ba. Gudun da ya riƙa zubewa kuma ba ra'ayin kowa ba ne, rada ce ta naɗe shi, kuma a hankali ya zube, irin zubewar da ake gani idan hankalin matuƙi ya tafi neman titi ko gyaran layi.

Na fahimci abin da ke jan Yaya. Babban mutum ana so a ce babban abu ne ya kashe shi. A ce wanda ya tsaya gaban shugaban ƙasa ya ce a'a, allurar agogo ce da ba a duba ba ta tafi da shi da matarsa da 'yarsa, zuciya ba ta karɓa, kamar an rage masa daraja ne. Amma ni a ganina zancen maƙarƙashiya gata yake yi wa masu laifin gaske. Wanda ya ce kashe shi aka yi ba zai tambayi wa ya ɗauki kyaftin aiki ba, wa ya duba littafinsa, wa ya horar da mataimakinsa ya iya buɗe baki ya ce wa na gaba da shi gudu ya yi ƙasa. Maƙarƙashiya sai manya take nema. Sakacin kamfanin shata kuwa ba ya tambayar sunan fasinja, ko ɗan kasuwa ne, ko majinyacin da za a kai asibiti, ko 'yan ƙwallo. Yaya ya saurare ni har na gama, ya biya kuɗin kifin, bai sauya ko ɗigo ba.

Siyasa ba ta jira bincike ba. Ranar 29 ga Oktoba mutum kusan 20,000 suka cika zauren Williams Arena a Minneapolis don taron makoki, taron ya rikiɗe ya koma gangamin zaɓe, aka yi wa Sanata Trent Lott na Republican ihu, Gwamna Jesse Ventura ya tashi ya fice. Jam'iyyar Democrat ta ɗauko tsohon mataimakin shugaban ƙasa Walter Mondale, mai shekara 74, ya maye gurbin, ranar 5 ga Nuwamba Coleman ya kayar da shi da ƙaramar rata. A Maris na 2003 aka shiga Iraƙi. Cikin shekarar iyalan fasinjojin suka sasanta da kamfanin a kan dala miliyan 25. Kafin rahoton NTSB ya fito hankalin ƙasar ya koma Bagadaza.

Rahoton ya nemi abubuwa ƙanana masu gundura: a riƙa bin jiragen shata ana duba yadda ake tuƙa su a zahiri, a duba yiwuwar sa na'urar da za ta yi ƙara tun gudu yana fara yin ƙasa, a kuma wajabta wa kamfanonin shata horar da matuƙa aikin haɗin gwiwa, wanda manyan kamfanoni suka daɗe suna yi. A Fabrairun 2009 wani jirgin fasinja mai farfela ya doshi sauka a Buffalo ta jihar New York, gudu ya ragu matuƙa biyu ba su farga ba, ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka mutu. Dokar horar da matuƙan jiragen shata ba ta fito daga FAA ba sai a 2011, shekara takwas da 'yan watanni bayan Eveleth.